Motar iyali a Kano da motar iyali a Maga

Magidancin Kano da iyali suka yi masa yawa, idan Allah ya hore masa abin sayen mota mai kujera bakwai, sunaye biyu ne ke fara zuwa bakinsa: Sienna ko Sharan. Takwaransa na Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, da wuya ka ji ya fara da ɗayansu. Shi Toyota Picnic yake nema, in aljihu ya ɗan yi nauyi ya nemi ƙanwarta Avensis Verso. Buƙatar kuwa ɗaya ce: yara da za a kai makaranta, tsohuwa da za a kai asibiti, biki a ƙauye, buhun hatsi bayan kaka. Rana ɗaya ke dukansu, ƙura ɗaya suke sha. Amma tun da zama ya kama ni a Garwa nake lura cewa bambancin bai tsaya a wurin saye ba, ya bi motar har ranar da za ta mutu.

Sienna 'yar Amurka ce, yawancin waɗanda ke yawo a titunanmu silinda shida gare su, injin ya kai lita uku ko ya haura. Sharan ta fito a 1995, a masana'anta ɗaya ta ƙasar Fotugal aka riƙa haɗa ta tare da Ford Galaxy, shi ya sa kayansu da yawa ke shiga juna. Picnic kuwa an yi ta tsakanin 1996 da 2001, silinda huɗu, lita biyu, gajera, ba ta da wani kwarjini. A Kano in ka faka ta a ƙofar ɗaurin aure ba mai waiwayowa.

Abin da ya raba mu da su tun farko man fetur ne. Shekara da shekaru ɗan Najeriya yana shan mai da tallafin gwamnati, har zuwa watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin hukuma ba. Wanda ya tashi a haka ba ya tambayar nawa mota ke sha, faɗin ciki yake dubawa da sanyin esi. A Kamaru litar fetur a gidan mai sefa 630 ce na tsawon shekaru, ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024. Ga shi harajin mota na shekara yana bin ƙarfin inji ne, kuɗin fito a kwastan ma yana duba girman inji da tsufan mota. Saboda haka mutumin Garwa tun kafin ya zauna a kujerar direba ya riga ya yi lissafin abin da motar za ta riƙa cire masa. Mu sai mun saya muke lissafi.

Sai dai kada a ɗauka mutanen nan a gidan mai suke shan mai. A Garwa da Marwa da duk garuruwan da ke tsakaninsu, kowace kwana akwai teburi da kwalabe da galan-galan a jere, ga yaro da mazurari. Zuwa-zuwa ke nan, man Najeriya da ke shigowa ta Mubi da Belel da Banki, wani a bayan babur, wani a kwalekwale ta kogin Binuwai daga wajen Yola. A Kano ɗan bumburutu na ranar wahalar mai ne, ana zuwa wurinsa ana tsaki. A nan shi ne gidan mai na kullum, har ma'aikaci mai albashi yana tsayawa a gabansa ba tare da jin kunya ba. Kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa: man da ya kwana a jarka, ya sha rana, ya wuce ta hannu biyar, ba ya rasa datti ko ɗigon ruwa, wani ma da gangan ake yi masa haɗi. Shi ya sa mai Picnic a nan yake ajiye farin ƙyalle a aljihun ƙofa. Na ga yadda ake yi: a shimfiɗa ƙyallen a bakin mazurari, yaro ya tuttula kwalba a hankali, mai mota ya ɗaga ƙyallen ya duba a hasken rana kafin ya ce a ƙara ta biyu. Filtar mai da famfon mai su ne abin da ya fi mutuwa, kuma mai hankali yana yawo da na canji a but. Tsohon injin Picnic yana haƙuri da irin wannan mai. Sabbin injina masu kwamfuta da yawa ba sa yi.

Sai maganar takardu, inda nake ganin sun fi mu nesa ba kusa ba, ko da yake ba don Allah suke yi ba. Motar gida a Kamaru tana tafe da katin mallaka, da inshora, da shaidar harajin shekara wanda tun 2017 kamfanin inshora ke karɓa tare da kuɗinsa, da kuma shaidar gwajin lafiyar mota da ake sabuntawa. Lambar motar ma tana faɗin inda ta fito: NO ta jihar Arewa ce mai hedikwata a Garwa, EN ta Arewa Mai Nisa ce mai hedikwata a Marwa. Tsakanin biranen biyu, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 200, akwai shingayen jandarma da 'yan sanda da kwastan, ga ƙofar karɓar kuɗin hanya, sefa 500 kowace wucewa. Ba a cewa "Oga, mun manto su a gida." Direba yana da jakar takardu a gabansa, kafin a tambaya ya miƙa. A wurinmu inshorar dole ta koma naira 15,000 daga 5,000 a farkon 2023, kuma kowa ya san mutum nawa ne ke riƙe da takardar da ba su san sunan kamfanin da ke jikinta ba. Muna da 'yan Road Safety tun 1988, muna da VIO, Kano tana da KAROTA, amma magidanci yana iya shekara bai nuna wa kowa birkin motarsa ba. Ba na cewa gwajin nan ba a yi masa dabara. Duk inda aka kafa shinge akwai mai neman zagaye. Amma ko ba komai, ranar gwaji tana tilasta wa mutum ya gyara fitila, ya duba taya.

Duk wannan a birni ne. Jarrabawar motar iyali tana hanyar Maga.

Maga tana gabas da Marwa, tafiyar kamar kilomita 80, a sashen Mayo-Danay. Garin ya girma ne a gindin dam ɗin da aka gina a 1979, doguwar ganuwar ƙasa mai kilomita 27 da ta tare ruwa don noman shinkafar hukumar SEMRY. Gaba kaɗan ga Pus a bakin kogin Logon, tsallake Chadi ce. Ƙasar Musgum ce, ga Kotoko da Larabawan Shuwa da Fulani da Barebari, ga Hausawa 'yan kasuwa da masunta da suka daɗe a nan. Fillanci ne ke haɗa kowa a kasuwa. Lokacin da na bi hanyar, kwalta ta raka mu zuwa Bogo, garin babbar kasuwar shanu, daga nan sai ƙasa. Ƙasar kuwa baƙar laka ce irin wadda ake dasa masakwa a kanta: da rani ta tsage ta yi tauri, hanya ta yi ƙunya-ƙunya har haƙoranka su riƙa haɗuwa, da damina ta zama taɓo mai riƙe taya. A 2012 ambaliya ta yi wa yankin ɓarnar da sai da Shugaba Paul Biya ya zo garin Girbidik na yankin da kansa.

A irin wannan hanya dogon ciki da nauyin Sienna ba abin alfahari ba ne. Cikinta na gogar ƙasa, kuma in ta kafe sai an tara ƙarti. Giyar atomatik, wadda matan Kano da tsofaffinmu suka fi so saboda cunkoson Kantin Kwari, a nan abin tsoro ce: ba a tura mota ta tashi in batir ya mutu, in giyabos ya lalace kuma sai an nemo wani sukutum. Mutumin Maga giyar hannu yake so, da kuloci da kowane bakanike zai iya sauke shi a gindin bishiya.

Na zauna a irin wannan gareji a Maga, inuwar darbejiya ce da benci da akwatin sifana. An kawo Picnic ta wani malamin makaranta, bayanta ya zauna har taya na gogar bodi. Bakaniken, Bahaushe ne da iyayensa suka zo daga wajen Mubi, ya leƙa ƙasa ya ɗago ya ce, "Malam, buhu nawa ka ɗora mata?" Malamin ya ce ai shinkafa ce kaɗan ya kai wa surukai Marwa. Bakaniken ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta malam, kaɗan ɗin nan ita ta karya sifirin." Aka cire na baya biyu, aka sa wasu masu kauri da aka ciro daga wata matacciyar mota, aka yanko tsohuwar taya aka yi musu matashi. Motar ta ɗaga ƙugu, ta fi yadda kamfani ya yi ta tsawo. Kujerun baya biyu kuwa tuni suna ɗakin malamin, ana zama a kansu. Ba a mayar da su sai ranar da iyali za su yi tafiya gaba ɗaya. Kafin su rabu bakaniken ya hure filtar iska, ƙura ta tashi har muka kau da kai, ya wanke lagireto ta waje, ya ce a yi juye kafin zafin Maris ya shigo. A Garwa da Marwa zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kuma lagireton da ƙura ta toshe shi ne ke ƙona inji.

A nan na ga dalilin da ya fi na fetur ƙarfi. Injin fetur na Picnic dangi ɗaya ne da na Carina E da tsohuwar RAV4 da wasu Camry. Waɗannan motoci sun cika Kamaru, saboda haka duk inda wata ta mutu, ta bar wa 'yan uwanta gado. Bakaniken Maga bai taɓa riƙe na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta ba, amma wannan injin ya san shi da kunne. Mai Sharan a Kano yana da Ƙofar Ruwa a bayan gidansa, na Kaduna yana da Panteka, in abu ya gagara a aika Ladipo a Legas ya iso cikin kwana biyu. Mutumin Maga ba shi da wannan gata. Abin da babu a Marwa sai a jira shi daga Mubi ko Yola, ko daga Camp Yabassi a Duwala, inda 'yan kasuwar Ibo suka riƙe cinikin kayan mota. Daga Duwala kuwa tafiya ce: jirgin ƙasa iyakarsa Ngaundare, sauran sai mota, ta Garwa, ta Marwa. Wanda ya sayi motar da ba kowa ke da irinta ba, zai iya wata guda yana hawa babur motarsa na kan dutse. Ita kanta motar ta Duwala ta biyo, bayan ta gama rayuwarta ta farko a Turai, yawanci ta hannun dillalan unguwar Heyvaert a Brussels. Wannan kam mun yi tarayya: mu ma "Beljiyam" muke saye, ta Tin Can ko ta Kwatano, duk da hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa da aka yi a Janairun 2017.

Akwai inda na fi son namu. Bakano yana sayen Sharan da tunanin gobe: in ya yi ritaya ko kasuwa ta juya, ya kai ta tasha, a ba ta layi, ta riƙa Kano zuwa Katsina ko Kaduna tana ciyar da gida. A Kamaru doguwar tafiya ta kamfanonin bas ce irin su Touristique Express da Danay Express, masu ofis da tikiti. Mai motar gida da ya ɗauki fasinja kilando ya zama, wato ɗan kabu-kabu mara izini, kullum yana rigima da shinge. Duk da haka ranar Talata, kasuwar Pus, za ka ga motocin gida cike da mutane da kwandunan busasshen kifi, kowa a ciki "ɗan uwa" ne in an tambaya. Warin kifin ba ya fita daga kujera har abada, amma wannan matsalar uwargida ce.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, maganar da aka yi a Abuja ta girgiza teburan kwalabe har Maga. Zuwa-zuwa ya yi tsalle, masu babur suka ƙara kuɗi, waɗanda suka shekara ba su shiga gidan mai ba suka koma. Daga baya faɗuwar naira ta ɗan mayar musu da numfashi, domin a 2024 jakar sefa ɗaya ta haura naira dubu biyu, kayan Najeriya suka yi wa mai sefa sauƙi. Mai Picnic ya ji jiki, amma bai ajiye mota ba. A Kano kuwa, da lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, Sienna nawa ce aka lulluɓe da tamfol a tsakar gida, maigida ya koma Adaidaita Sahu? Lissafin da maƙwabtanmu suka daɗe suna yi kafin saye, mu sai yanzu ya riske mu, da mota a hannu.

Ba ina cewa kowa ya nemi Picnic ba ne. Ƙaramar cikinsu ta haura shekara ashirin, masu lafiya sun yi ƙaranci, kuma mai mata biyu da 'ya'ya tara ba za ta ɗauke shi ba ko ya so. Amma kai da ke shirin sayen motar iyali bana, kafin ka je wurin dillali ka fara biyawa Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin giyabos ɗinta da famfon mai, ka tambayi bakaniken unguwarku ko ya taɓa buɗe irin injinta, sannan ka lissafa man da za ta sha daga gidanka zuwa ƙauyenku da dawowa a farashin yau.