Surame, Birnin Kanta Mai Ganuwar Dutse

Uwargida, idan 'yarki ta komo daga makaranta da littafi mai hotunan tsofaffin gidajen sarakunan Turai, irin na Raglan da ke ƙasar Wels, wanda aka soma ginawa wajen 1430, aka bar shi kango bayan yaƙin 1646, ta tambaye ki ko mu ma muna da irinsu, kada ki ce mata babu. Muna da shi, a cikin Jihar Sakkwato ma ya ke, sunansa Surame.

Daga Tambuwal sai ki kama hanyar Sakkwato, ki wuce Shagari da Boɗinga, tafiyar wajen mil 60 ce. Wadda ta taso daga Kebbe sai ta ƙara sammako. Daga Sakkwato kuma a yi yamma, wajen Binji da Silame, kusa da fadamar gulbin Rima. Can cikin daji birnin ya ke, ba kowa ciki sai itatuwa da tsuntsaye. Bari in yi wa 'yan makaranta gyara tun nan, don suna yawan haɗawa: Kebbe gari ne a kudancin Sakkwato, Kabi kuwa tsohuwar daula ce, mutanenta su ne Kabawa, ita Turawa suka rubuta Kebbi. Surame shi ne babban birnin Kabi na farko da ya yi suna.

Wanda ya gina shi Muhammadu Kanta ne. Masu ba da labari sun ce uwarsa 'yar Sarkin Katsina ce, ya tashi yana kiwo tare da Fulani, ya gagari tsararsa wajen dambe da kokawa. Daga baya ya zama babban mayaƙi a rundunar Askiya Muhammadu, Sarkin Sangai. Suka ci Agadas tare a 1515, wajen rabon ganima aka saɓa, Kanta ya ce bai yarda ba, ya ɓalle a 1516. Askiya ya aiko da yaƙi, bai iya mai da shi ba. Mutumin da ya yi faɗa da babban sarki irin wannan kuwa dole ya nemi wurin da zai kwana da ido biyu rufe. Shi ya sa ya gina Surame, da Gungu, da Leka.

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne ganuwar. Kin san ganuwar Kano da ta Katsina da ta Zariya duk ƙasa ce aka cuɗa aka ɗora. Ta Surame duwatsu ne aka jera, aka liƙe da laka, ga ganuwa bayan ganuwa, gidan sarki kuma da tasa a ciki. Shekara 500 ke nan damina na dukanta, wurare da yawa ta zube ta zama tudun duwatsu, amma har yanzu akwai inda ta ke tsaye, kina iya bin ta da ƙafa ki gane inda ƙofa ta ke. Ki dubi ƙasa kuma, za ki ga tsingaron tukwane. Mata irinmu ne suka yi girki a cikinsu.

To, wa ya ɗauko duwatsun nan? Ba Kanta ba dai. Ƙasashen da ya ci da yaƙi su ya ɗora wa aikin, kowace da yankin da za ta gina. An ce Nufawa suka yi latti, da suka iso Kanta ya ce horonsu shi ne ba za su kwaɓa lakarsu da ruwa ba, sai da man kaɗe. Namiji in ya ji wannan labari dariya zai yi ya wuce. Ke kuwa da kika san aikin, tsaya ki lissafa. Sai an fita da asuba cikin raɓa an tsinto 'ya'yan kaɗanya, a dafa, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa, sa'an nan a zauna ana bugu da hannu har man ya taso. Kwana nawa mace ke yi kafin ta cika ƙwarya guda? To, ƙwarya nawa za ta kwaɓa lakar ganuwa? In labarin nan haka ya ke, ni a ganina ba mazan da suka yi lattin aka hora ba, matansu da 'ya'yansu mata da ke can Nufe aka hora. Masu labarin suna ƙarawa da cewa yankin Nufawan ya fi ko'ina ƙarfi. Ba mamaki.

Akwai kuma labarin jirgin ruwansa, wanda aka ce an lulluɓe shi da tagulla, matuƙa 50 ke tuƙa shi in ruwa ya cika fadama. Wannan ƙawa ce ta sarakuna, bari mu wuce.

Ranar da aka gwada ganuwar ita ce sa'ad da Sarkin Barno ya kawo yaƙi ya kewaye birnin. Labarin ba shi da daɗin ji, amma 'yarki za ta gamu da shi. An ce da Kanta ya ga an yi masa yawa, sai ya sa aka jingina gawawwaki a kan ganuwa, da baka a hannu, an tsaga musu baki kamar masu dariya, shi kuwa ya fice da mutanensa. Barebari suka hango mutane tsaye dare da rana suna yi musu dariya, suka karaya, suka juya. Daga nan aka ce maganar nan ta "dariya ba loto" ta samo asali. Kanta ya bi su har wajen Nguru yana cin su. A kan hanyar komowa, cikin ƙasar Katsina, aka harbe shi da kibiya, ajali ya cim masa, wajen tsakiyar ƙarni na 16.

Jikokinsa suka zauna Surame fiye da shekara 100 bayansa, ƙarfinsu na raguwa. A 1674 Azbinawa suka ƙwace musu Adar, ga Gobirawa da Zamfarawa na matsowa. Wajen 1700 Sarkin Kabi Tomo ya kwashe jama'a ya koma kudu, ya zauna Birnin Kabi. Aka bar duwatsun inda su ke.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanki, ke mutuniyar Tambuwal. A 1805 jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Malam Abdullahi na gaba, suka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Hodi ya fita. Aka ba Moyijo na Yabo sarautar Sarkin Kabi, shi ya sa har gobe ki ke jin ana cewa Sarkin Kabin Yabo. Amma gidan Kanta bai miƙa wuya ba. Garuruwan da ke wannan gefe suka zama ribaɗi, watau wurin tsaron iyaka, Tambuwal kuwa ɗan Shehu ne, Muhammadu Buhari, ya zauna a cikinta. Aka kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka kai ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato ya daɗe a hannu. Da ya sami fita, a 1849 ya tayar da yaƙi daga Argungu. Daga nan fa sai hari da ramuwa, in ban da 'yan shekarun sulhun da a ke kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla wajen 1867. Kakanninmu mata na ɓangarorin biyu ba su zuwa gona mai nisa da kwanciyar rai. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa kamun kifi don girmamawa, bikin nan da ya zama abin kallo a duniya.

An sa Surame cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, a 2007 kuma Nijeriya ta miƙa sunansa ga UNESCO cikin wuraren da ta ke so a duba. Duk da haka ba rumfa, ba mai sai da abinci. In maigida ya yarda, ko malama za ta kai 'yan ajinta, a tafi da hunturu bayan ciyawa ta bushe, a fara tambayar lafiyar hanya, a gai da hakimi a nemi ɗan rakiya. Ki riƙe gorar ruwa, ki sa rufaffen takalmi sabo da ƙarangiya. Ki kuma tsawata wa yara kada su ɗauko dutse ko tsingaro wai don tsaraba.

Wadda ba ta sami zuwa can ba, Argungu ta fi sauƙi daga wajenmu ta Jega da Birnin Kabi. Tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942 an mai da ita gidan kayan tarihi a 1958, aka sa mata sunan Kanta. Akwai masu da takubba da tambura a ciki, sarakuna da dama na gidan kuma a nan aka binne su.