Bandar Baga da Hanyarta

Mu da muka tashi da miyar bandar Baga mun san kifin nan hannuwa da yawa yake bi kafin ya iso tukunya. Masunci ya kamo tarwaɗa a tafkin Chadi, a ƙyafe ta, a shirya cikin kwali, fatake su saya a Doron Baga, mota ta kai Maiduguri, daga can har Anacha da Legas. A rubuce-rubucenmu masunci da komarsa kaɗai ake gani, alhali ribarsa tana hannun waɗannan mutane.

Tafkin ya ja baya ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984, amma masunta suka bi ruwan, sana'a ba ta mutu ba. Abin da ya durƙusar da ita, a ganinmu, hanya ce. Da 'yan Boko Haram suka afka wa Baga a Janairun 2015, hanyar Maiduguri ta gagari matafiya, sojoji kuma suka hana fataucin kifi. Ga kifi a ruwa, ba damar fitar da shi. Banda kuwa in ta daɗe a ajiye, ƙwari ke shigarta ta koma gari. Mai sayar da itacen ƙyafi, da ɗan dako, da direba, duk suka zauna ba aikin yi.