Bangon Ɗakin Hajiya

 A wannan makon labarin wani bango zan ba ku, wanda yake gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, domin wataƙila bayan Babbar Sallah ba zai sake zama yadda yake ba.

Bangon yana ɗakin kakata, wadda ta haifi Babanmu. Hajiya muke ce mata, ita kuma kishiya take ce mini. Idan ka ɗaga labule ka shiga, farantai za ka fara gani, tun daga saitin gado har kusa da silin. Na ƙirga su ranar Asabar, guda 43 ne. Akwai na ƙarfe masu zanen furanni ja da kore, akwai na tangaran farare masu shuɗin baki, sai tasoshi biyar a layin sama. A ƙasa kuma ga kabet cike da langa da samira, an ɗora ƙarama a kan babba. Babu wanda ya taɓa cin abinci a cikinsu. Ko kuda ya sauka a kai, sai Hajiya ta kore shi da mafici.

Wannan shi ake kira jere. Hajiya ta ce a zamanin kakarta ƙore ake jerawa, da tasoshi ga mai hali, daga baya kwanuka suka shigo. Ita an yi mata aure ne a cikin gari, tun ana kashe fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Mahaifiyarta ba rana ɗaya ta sayi kayan ba. Tun Hajiya tana tallar ƙuli-ƙuli take tarawa, duk ranar da ta kwashi adashi sai ta aika Kasuwar Kurmi a sayo faranti biyu ko uku, ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ana gobe za a kai amarya 'yan jere suka tafi. Gidan na ƙasa ne, sai suka kwaɓa ƙasa suka shafe bango, suka riƙa manna farantan tun tana ɗanya. Da ta bushe sai ta riƙe su gam. Ta ce matan da suka zo ganin ɗaki bakinsu yana gaisuwa, idonsu yana ƙirga.

Da suka taso zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, da wuƙa aka ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa wasu bakinsu ya ɗan ɓalle. A nan gidan siminti ne, sai aka ɗaure kowanne da waya aka rataye a ƙusa.

Abin da ya fi jan hankalina a bangon ba farantan ba ne, guraben da babu komai ne. Akwai ƙusoshi tsirara, kuma a kewayen kowace za ka ga da'ira wadda fentinta ya fi na sauran bangon haske. Na ƙirga 17. Da ina ƙarama na zaci fashewa suka yi. Hajiya ta ce uku ne kawai suka fashe, sauran sayarwa ta yi, kuma ta san dalilin kowanne. Tasoshi huɗu da ke gefen taga sun tafi ne lokacin da kakanmu ya kwanta a asibiti. Layin tsakiya, tare da saitin samira guda, su ne kuɗin jarrabawar Babanmu ta gama sakandare. Wasu biyu kuma aka cika kuɗin keken ɗinkin Gwaggo, wanda har yau da shi take ɗinka mini kayan makaranta. Wata dillaliya ce take zuwa ta karɓa a cikin zani, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Babanmu kansa sai da ya yi aure ya san inda kuɗin jarrabawarsa ya fito.

Kenan jere ba ado ba ne kawai. Macen da ba ta fita kasuwa, ba ta da asusu, a bango take ajiyarta, kuma kayanta ne na kanta, miji ba shi da iko da su. A farkon 2023 da aka yi canjin kuɗi, Babanmu yakan wuni a layi ya dawo hannu rabbana. Hajiya ta dinga yi masa tsiya, tana nuna bango tana cewa nata bankin ba ya cewa babu sabis.

Yanzu ga inda rigimar take. Baffanmu ya ce zai gyara mata ɗaki, a yi sabon fenti, a kafa talabijin a bango, a kwashe farantan a zuba a buhu. Ya ce ƙura suke tarawa da kyankyasai. Gaskiya ba ƙarya ya yi ba, ni ce shaida, domin ni nake hawa kujera in goge su. Da hunturu, ka goge da safe, da yamma sun koma ja. Tasoshin kuwa sai an dirje su da toka da lemon tsami har hannu ya yi zafi. Kuma yanzu ko an kai su kasuwar Tarauni ba wani kuɗin kirki za a ba da ba, kowa kuloli yake nema da kayan gilashi. Amma ni ina ganin Baffa ya manta abu ɗaya. Idan aka yi fenti, da'irorin nan 17 za su ɓace, kuma a cikinsu akwai nasa, na kuɗin motar da ya tafi makaranta Zariya.

Hajiya ba ta yi musu da shi ba. Abin da ya taɓa ta shi ne maganar Yayata, wadda za a yi bikinta bayan Sallah. Hajiya ta sauke farantai shida mafi kyau, ta goge da kanta, ta ce a kai mata jere. Yaya ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai an daina yayin waɗannan, sai ƙawayena su yi mini dariya." Ba da mugunta ta faɗa ba. Hajiya ta ce, "To, Allah ya sanya alheri," ta sa ni na mayar da su. Ranar ba ta kira ni kishiya ba ko sau ɗaya.

Malaminmu na Hausa ya taɓa gaya mana cewa a Gidan Makama, gidan tarihin da ke kusa da fadar Sarki, akwai ɗakin amarya irin na da da jerensa, mutane suna biyan kuɗi su shiga su kalla. Ina roƙon ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta shirya mana ziyara can. Amma na san na can ba su da wanda zai ce maka wannan gurbin kuɗin magani ne.

Saboda haka na ware littafi guda mai shafi 40. Na zana bangon, na ba kowace ƙusa lamba, kullum bayan sallar isha'i Hajiya tana faɗa ina rubutawa. Mun kai lamba 26. Jiya ta ce farantai shidan nan nawa ne idan lokacina ya zo, in dai ba zan ji kunyarsu ba. Na ce ina so. Baffa kuma ya ce mai fenti zai zo sati biyu bayan bikin Yaya.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare