Ina Uban 'Yar Bora?

Ni 'yar bora ce, ba ta tatsuniya ba. A gidanmu na Katuru ɗakin Innata ne na ƙurya, daf da turken awaki, kuma duk Alhamis in Baba ya dawo daga kasuwar Shinkafi, ɗakin amarya tsaraba take fara sauka. Abin da ya rage shi ne namu.

Shi ya sa tatsuniyar Ruwan Bagaja ta zauna mini daram. 'Yar mowa ce ta ɓata kirgi, aka ɗora wa 'yar bora, aka kora ta wanki uwa duniya. Ba ta musa ba. Abin mamaki duk da ta tarar a hanya ta gaishe shi da ladabi, tsohuwa ta ce ta cuɗa mata baya ta cuɗa, da aka zo zaɓen ƙwai ma wanda ya yi shiru ta ɗauka. Ta komo gida da dukiya. 'Yar mowa mai tsiwa kuwa ta kwaso kutare da makafi.

Na haddace karatun tsaf: ki yi shiru, rabonki na tafe. Da shi na shiga ɗakin miji, kullum ina haɗiye magana, ana yabona da haƙuri, ni kuwa ina ramewa.

Wata maƙwabciya ce ta ara mini Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, bangonsa duk ya sha manja. Labarin bora ne shi ma: Rabi, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara saboda sabuwar mata, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Sai dai Balaraba ta yi abin da tatsuniya ba ta yi ba, ta jawo maigidan tsakar gida ta ɗora masa laifinsa. Ba zan ce ƙarshen littafin ya yi mini daɗi ba, don Rabi komawa ta yi. Amma tun daga nan nake tambaya: wa ya mai da wata mowa, wata bora? Lokacin da aka tura yarinya daji ita kaɗai a kan ƙazantar da ba tata ba, ina ubanta?

'Ya'yana mata har yau ina yi musu Ruwan Bagaja, ban rage komai ba, sai dai in na kai wurin kirgi nakan tsaya mu yi shari'a. Nakan haɗa musu da labarin 'Yargoje, wadda tarihin Zamfara ya ce ta yi sarauta a Dutsi, nan ƙasar Zurmi.

Da na kai wa Inna tambayata, tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke ɗiyar nan, a ina muke yi muku tatsuniyar? Ba a tsakar gida ba? Shi kuma yana kishingiɗe a turaka, ƙofa buɗe. Wa ta isa?"