Mai Waƙa Ya Yi Alkawari, Wa Zai Cika?

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin mawaƙan soyayya na yanzu. Mawaƙi zai ce wa masoyiyarsa suna da ɗaukaka da tafin jama'a duk ba su kai zama da ita ba, in ta ce ya bari, yau zai bari. Ka tsaya a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada ke rabuwa da ta Zariya, ka saurari lasifikar masu cajin waya da tura waƙoƙi. Kafin motarka ta cika za ka ji irin wannan alkawari, ka kuma ga samari a kan babura suna amsawa da dukkan zuciyarsu.

Ni ban ƙi waƙar ba. A zamaninmu namiji kan tsufa da matarsa bai taɓa buɗe baki ya ce yana sonta ba, muna kiran abin kunya, kuma mata da yawa sun tafi kabari ba su ji wannan kalma ba. Da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gari a 2020, lokacin kullen korona, matan aure suka riƙa taka rawa a gaban mazajensu. Ban so yadda wasu suka fitar da abin ɗaki zuwa intanet ba, amma raha tsakanin miji da mata alheri ce, na yi murna da ita.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke cika alkawarin. Mawaƙi ya rera cewa zai bar ɗaukaka, waƙar ta karɓu, a ƙara gayyatarsa bukukuwa, a ƙara yi masa liƙi. Da wuya ka ji namijin da ya ajiye waƙa ko fim don ya yi aure. Mata ne ke ajiyewa. Fati Mohammed, wadda fim ɗin Sangaya ya ɗaga a 1999, tana tsakiyar tashe ta yi aure ta bar fitowa. Mansurah Isah ta auri Sani Danja a 2007, ita ta daina fitowa a fim, shi ya ci gaba da fim da waƙa. Ba laifin kowa nake kamawa ba, haka al'ummarmu ta tsara, kowa ya tarar. Sai dai in za a yi waƙar wanda ya bar suna don so, a san cewa a ƙasar Hausa yawanci mace ce.

Namijin da duniya ta shaida ya cika irin wannan magana shi ne Sarkin Ingila Edward na takwas, wanda mulkinsa a lokacin ya haɗa har da ƙasarmu. A watan Disamba na 1936 ya sauka daga gadon sarauta don ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiya, da aka ce ba zai aure ta yana sarki ba. A Faransa aka ɗaura auren a 1937, a can kuma ya rasu a 1972. Shi nasa ya ba da, bai ce ita ta ba da nata ba.

Abin da na fi sani a kan wannan, a gidanmu na koya. Na tashi a wani ƙauye a ƙasar Doguwa, kusa da dajin Falgore. Yayata ita ce zabiyar dandalinmu. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, wata ya yi fari, 'yan mata kan yi da'ira suna gaɗa, ita ke bayarwa su amsa. Tana iya saka sunan kowace yarinya a baiti nan take, ta yi wa mai rowa habaici har shi kansa ya yi dariya. Masu haƙar kuza a Riruwai kan tako da ƙafa su zo don su ji ta. A wannan dandali wani saurayi daga wajen Bebeji ya gan ta, kuma muryar ce ta fara kama shi, shi da kansa ya sha faɗa.

Da aka kai ta ɗakinsa, abin da ya fara nema shi ne ta daina. Ba dandali kaɗai ba, wannan kowace amarya ta san ta yi sallama da shi. Ko a cikin mata, ranar suna ko biki, bai yarda a ji ta ba. Ta ce to. Ba mugun mutum ba ne, ya ciyar, ya tufatar, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, sun zauna tun kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga har mutuwa ta raba. Amma na taɓa shiga gidan na same ta a tsakar gida tana bakacen shinkafa, faifai na tafiya da wani kiɗa da na sani tun ina yaro, leɓɓanta na motsi, babu sauti. Da ta ji sallamarsa a zaure, hannun ma ya sauya tafiya. Ranar bikin 'yarta ta fari, mata suka kifa ƙwarya a ruwa suna amada, suka yi ta roƙonta ta ba da ko baiti ɗaya, tunda mai gidan ya yi izini ranar. Ta buɗe baki, ta rufe. Daga baya ta ce mini, "Ƙanena, abin ya tsufa a ciki."

A nan ne nake ganin mawaƙanmu suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Suna daban, baiwa daban. Suna kamar kuzar Riruwai yake: an yi zamanin da garin ya cika da baƙi da kuɗi, da harkar ta faɗi kowa ya kama gabansa. Wanda ya bar suna don mutumin kirki bai yi asara ba, dama sunan zai bar shi. Baiwa kuwa Allah ne ya zuba ta a jikin mutum, ko murya, ko kaifin karatu, ko hannun sana'a. Yayata ba ta taɓa kukan rashin 'yan kallo ba. Kuma aure bai hana Barmani Choge ta Funtuwa ba: tana da miji da 'ya'ya ta shiga amada a cikin mata, ta yi ta yi har ta rasu a 2013, mata kuma suka ƙaru da abin da take faɗa musu game da sana'a da neman na kai.

Bara wani yaro ya fito neman jikata, wadda ke karatun aikin jinya a Kano. Yaron kirki ne, yana sayar da shinkafa a kasuwar Tudun Wada, kuma na ji irin waƙoƙin nan yake tura mata a waya. Da baffansa ya zo da goro, muka gaisa, sai ya ce buƙatarsu ɗaya, in an ɗaura ta zauna a gida, karatun ya isa haka. Na ce, "Alhaji, ɗanka ya sha gaya mata zai bar komai dominta. Ba mu ce ya bar rumfarsa ba. Shi me ya sa zai ce ta bar nata?" Ya yi shiru, ya ce zai koma ya ji ta bakin yaron. Na sa aka kira ta, na tambaye ta a gaban iyayenta, ta ce tana son yaron, tana kuma son ta gama ta yi aiki a asibitin garinmu, inda mata ke naƙuda babu isassun ma'aikata.

Bayan sati biyu yaron ya zo da kansa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, na yarda." Na ce a faɗa a gaban waliyyai da shaidu ranar ɗaurin aure, aka kuwa faɗa. Tana shekarar ƙarshe yanzu, shi ke kai ta tasha ran Lahadi.