Ya karanci lafiya, amma ba shi da ikon rubuta magani

Idan akwai ɗa ko 'ya a gidanka da ya kammala digirin farko a fannin lafiyar al'umma, ko kuwa ɗan'uwan fannin da jami'o'in Ingila da Amurka suke kira lafiyar duniya, to na tabbata an riga an raɗa masa suna a unguwa. Dakta ake ce masa. Maƙwabta sun fara kawo masa takardun gwajin jini, goggonsa ta zazzage masa ƙwayoyinta a kan tabarma tana tambayar wanne za ta daina sha, kai kuma kana gefe zuciyarka fari ƙal, domin kuɗin makarantar da ka biya ya fara haihuwa.

Ina roƙonka ka tsayar da wannan al'ada tun ba ta yi jijiya ba. A Najeriya, ikon duba marar lafiya da rubuta masa magani yana tare da lasisi, kuma akwai majalisar da take ba likitoci nasu, akwai ta ma'aikatan jinya da ungozoma, akwai ta jami'an lafiya na matakin farko. Digirin lafiyar al'umma shi kaɗai ba ya ba da ko ɗaya daga cikinsu. Shekaru huɗun da yaronka ya yi, ya yi su ne yana koyon yadda cuta take yaɗuwa a cikin jama'a, da yadda ake ƙirga masu ita, da dangantakarta da ruwan sha da talauci da manufofin hukuma. Ba a koya masa sauraren ƙirjin jariri ba, ba a kuma koya masa auna maganin mai ciwon ƙoda ba. Haɗarin kuwa yana cikin kunya: yaro mai tarbiyya ba ya son ya kunyata mahaifinsa a gaban baƙi, sai ya ce wa goggo ta rage wannan ta ƙara wancan, alhali hawan jini ba ya sanin zumunci. Abin da zai iya yi muku yana da yawa. Zai raka goggo asibiti ya yi wa likita tambayoyin da ita take jin nauyin yi, zai duba katin rigakafin ƙannensa ya gano allurar da aka tsallake, zai duba ranar lalacewar magani da lambar hukumar NAFDAC a jikin kwali, zai kuma gaya muku wane saƙon WhatsApp ne ƙanzon kurege. Ku tsaya nan.

To, mene ne amfanin karatun? Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Da aka bi diddigi gida-gida, aka gwada jinin yara da ƙasar tsakar gida, sai aka tarar gubar dalma ce, daga duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Akwai maganin da yake fitar da dalma daga jini, amma idan aka sallami yaro ya koma rarrafe a kan ƙasar da ta kwantar da shi, aikin ya zama ɗiban ruwa da kwando. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka zauna da masu haƙa da masu unguwanni har aka fitar da niƙa bayan gari, sa'an nan magani ya yi amfani. Masu ƙirga gidaje, masu zana taswirar inda mutuwa ta fi yawa, masu lallashin magidanta, duk aikin da ɗanka ya karanta ke nan.

Kurkunu ma haka. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 suna fama da shi a duniya, Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu shi. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai kurkunu tsoma ƙafarsa a tafki aka yaƙe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Najeriya da Nijar rabuwa da shi a 2013. A 'yan shekarun nan, waɗanda yake kamawa a duk duniya ba su kai mutum 20 a shekara ba. Tambayi tsofaffin garinku irin damunar da kurkunu ya hana su noma.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Yaro ya gama bautar ƙasa, ya dawo gida, kowa yana tambayar sai me. Hanya ɗaya ita ce ya koma ya karanci likitanci, idan har zuciyarsa tana can. A Amurka wannan ba baƙon abu ba ne, domin a can sai mutum ya gama digirin farko yake shiga makarantar likitanci ya yi wasu shekaru huɗu, shi ya sa ɗaliban lafiyar duniya da dama a can suke ɗaukar digirin a matsayin tsani. A Najeriya karatun likita shekara shida ne, mai digiri yakan samu a rage masa shekara guda idan an ɗauke shi, sa'an nan ga shekarar sanin makamar aiki a asibiti. Hanya ce mai kyau ga wanda yake so. Ga wanda mahaifinsa ne yake so, shekaru ne masu tsawo.

Hanyar da iyaye suka fi karkata gare ta ita ce digiri na biyu nan take, musamman a ƙasar waje, kuma a nan nake da magana. Ra'ayina shi ne yaro ya fara aiki tukuna, shekara biyu ko uku, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Na daɗe ina aiki tare da matasa a sashen kiwon lafiya a matakin farko, kuma bambancin wanda ya tafi ƙaro karatu da tambaya a zuciyarsa da wanda ya tafi don gudun zaman gida a fili yake. Wata yarinya da aka turo mana bautar ƙasa, aikin da aka ba ta shi ne kwafe rajistar awon ciki ta wani ƙaramin asibiti zuwa kwamfuta, aikin da kowa yake gudu. Tana cikin kwafa ta lura mata suna zuwa awon farko da yawa, amma kaɗan ne suke dawowa na biyu. Ta bi wasu har gida ta tambaye su. Ashe ranar awo ta faɗa a ranar kasuwar garin, masu babur duk suna can, kuɗin hawa ya ninka, mazajen da za su ba da kuɗin kuma ba sa gida. Aka sauya ranar. Lokacin da ta zo rubuta takardar neman gurbin digiri na biyu, ba ta sha wahalar abin faɗa ba, ta kuma san abin da take so ta koyo: yadda ake auna ko sauyi irin wannan ya yi tasiri da gaske ko kuwa dace ne kawai.

Masu ba da tallafin karatu ma haka suke gani. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya ba ya karɓar wanda bai yi aikin shekara biyu ba, yana kuma ɗaure wanda ya samu da sharaɗin komawa ƙasarsa na tsawon shekara biyu bayan kammalawa. Akwai na Commonwealth, akwai na DAAD a Jamus. Neman waɗannan kyauta ne, saboda haka duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa ɗanka gurbi, riƙe aljihunka.

Kada ka sayar da gona. Kuɗin makaranta kaɗai na digiri na biyu na shekara guda a fitattun makarantun Ingila yakan haura fam 20,000 ga ɗan ƙasar waje, ban da haya da abinci da kuɗin jirgi, kuma ka san abin da ya sami naira tun daga tsakiyar 2023. Makarantun suna da kyau, ban musa ba. Ta Libaful an kafa ta a 1898, ta Landan a 1899, dukansu a zamanin da zazzaɓin ƙasashenmu yake kashe Turawan mulki da 'yan kasuwarsu, kuma har yau ana koyar da ilimi mai zurfi a cikinsu. Sai dai albashin farko na wannan fanni ba ya biyan bashin fam. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano, da ta Ibadan, da ta Legon a Gana, duk suna ba da digiri na biyu a lafiyar al'umma, kuma ɗalibi yana iya yin bincikensa a kan cutar da take bakin ƙofarsa. Akwai kuma shirin horar da masu bin diddigin annoba da aka fara a Najeriya a 2008, na shekara biyu, wanda mafi yawansa a fagen aiki ake yi, Zariya da Ibadan suke ba da shaidarsa. Yawancin waɗanda yake ɗauka likitoci ne da likitocin dabbobi da masanan ɗakin gwaji, don haka yaro ya karanta sharuɗɗan shiga da kyau kafin ya sa rai.

Idan lokacin tafiya ya yi, tambayar da ya kamata ka yi masa ita ce: wace sana'a za ka dawo da ita? Digirin farko na lafiyar duniya faffaɗa ne, ya ɗanɗana wannan ya ɗanɗana wancan. Wanda ya ɗora wani faffaɗan a kansa yakan dawo da iya magana a taro, hannunsa kuwa babu komai. Ya zaɓi abu guda ya ƙware: bin diddigin annoba, ko ƙididdigar lafiya, ko tattalin arzikin kiwon lafiya, ko abinci mai gina jiki, ko tsabtar muhalli. Wanda ya iya sarrafa alƙaluma da Excel da R ko Stata, ya iya rubuta rahoton shafi biyu da kwamishina zai karanta ya gane, ba ya daɗewa a zaune. Faransanci ma jari ne, domin cuta ba ta nuna fasfo a Jibiya ko a Birnin Ƙonni, kuma ayyukan Nijar da Chadi da Kamaru da shi ake yin su.

Ga wanda har yanzu yake baƙin cikin ɗansa bai zama likita ba, ya dubi Tedros Adhanom Ghebreyesus. Ilimin halittu ya karanta a Jami'ar Asmara, ya gama a 1986, ya shiga aiki a ma'aikatar lafiya ta Habasha. Digirinsa na biyu a Landan sai a 1992, na uku a Notingham sai a 2000. A 2017 ya zama shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum na farko daga Afirka, kuma na farko da ba likita ba. Ka lura da tazarar shekarun. Aiki ne ya cike su.

Dole kuma in gaya maka yadda kasuwar aikin take a yau. Shekaru da dama burin matasa shi ne ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, masu fararen motoci da albashi mai tsoka. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ta kuma sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, kafin tsakiyar shekarar ta wuce an rufe hukumar USAID. Ma'aikata masu yawa a ayyukan ƙanjamau da tarin fuka da tamowa suka wayi gari babu aiki, wasunsu da digiri biyu a hannu. Dama can aikin kwantiragi ne, na shekara-shekara. Aikin gwamnati albashinsa kaɗan ne, wani lokaci ma yakan makara, amma ƙananan hukumomi 774 ba za su tashi su koma wata ƙasa ba, kowacce kuma tana buƙatar jami'in sa ido kan cututtuka da jami'in rigakafi. Wanda ya fara daga nan yana koyon abin da ba a samu a aji: yadda ake ajiye allurar rigakafi da sanyinta a garin da babu wutar lantarki, da yadda ake shiga fadar dagaci.

Hausar bakinsa ma kada ya raina ta. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, ba a dawo da shi a Kano ba sai a tsakiyar 2004, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashe da dama a wannan tsakanin. Abin da ya dawo da amana shi ne bakin sarakuna da malamai, da matan da suka riƙa shiga gida-gida suna zama da iyaye mata suna amsa tambaya da harshen da aka yi ta. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Baƙo mai digiri uku ba zai iya wannan zaman ba.

Wannan ya kawo ni kan 'ya'ya mata. Gidajenmu da yawa an rubuta musu "ba shiga", don haka rabin aikin nan mace ce kaɗai za ta iya yin sa, kuma mace mai wannan ilimi ba ta rasa masu nemanta. Idan maganar aure ta taso, a zauna da manemin tun kafin a sa rana, a faɗa masa aikin yana da tafiye-tafiye, akwai kuma karatu a gaba, a ji ta bakinsa a gaban waliyyai. Aikin yana da haɗarinsa. A watan Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu aikin rigakafin shan inna a Kano, kuma hanyoyin karkara a wasu jihohin yau sai da addu'a. Kana da haƙƙin tambaya kafin ɗanka ko 'yarka su sa hannu a takardar aiki: wace ƙaramar hukuma za a tura su, da wace mota, wa zai raka su, akwai inshorar lafiya da ta rai, kuma idan suka ce wata hanya ba ta biyuwa a wannan makon, za a saurare su ko za a sallame su? Su nemi amsar a rubuce, su ajiye kwafi a gida.