Kirsimeti a Liuhua Lu

Ranar 25 ga Disamba ba hutu ba ce a China. Da safe na leƙa ta taga na ga Liuhua Lu yadda take kullum: 'yan dako na tura dilolin tufafi zuwa kasuwannin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, tsofaffi na motsa jiki a bakin tafkin Liuhua.

Bana ma tsadar tikiti ta hana mu zuwa Wusasa, sai muka zauna gida, ni da uwargida da 'yarmu. Uwargida ta dafa shinkafa da miyar kaji, ta cika kuloli uku.

"Baba, mu uku kacal, wa zai cinye wannan?"

Tambayar ta sosa mini rai. Yarinyar ba ta taɓa ganin yadda yara a Zariya ke kai abincin Kirsimeti gida-gida ba, na Kirista da na Musulmi. Sai na miƙa mata kuloli biyu, na raka ta. Wani Bakano abokin kasuwancina ya ba ta tukuici. Tsohuwa 'yar China, maƙwabciyarmu, ta ba ta tuffa. Ita ce kyautar Kirsimeti a nan, don sunanta ya yi kama da kalmar zaman lafiya a harshensu.

Ƙarfe 4 na yamma, wato 9 na safe a gida, muka kira Mama. Muna gama gaisawa ta ce, "Kun kai wa maƙwabta?"

Yarinyar ta karɓe wayar. "Kaka, ni na kai."